ZARE: Mutumin da ya ɗora wa talabijin maganaɗisu, da abin da ya rage mana mu masu waya

1/ Jama'a, zaren yau mai tsawo ne, ku gyara zama. Zan yi magana a kan Nam June Paik, ɗan Koriya da ake kira uban fasahar bidiyo. Ra'ayina a taƙaice: wayar da ke hannunka ta fi duk kayan aikin da ya taɓa riƙewa ƙarfi, amma shi ya fi mu 'yanci da nasa nesa ba kusa ba. Ku biyo ni 🧵

2/ Na san wani zai ce, "Mu da ke fama da kuɗin data, ina ruwanmu da wani ɗan Koriya da ya mutu tun 2006?" Ruwanmu shi ne allo. Awa nawa ka yi yau kana kallon gilashin wayarka? Mutumin nan ya kwashe shekara arba'in da ɗoriya a kan tambaya ɗaya: tsakaninka da allon nan, wa ke juya wani?

3/ An haife shi a Seoul ranar 20 ga Yuli, 1932, lokacin Koriya tana ƙarƙashin mulkin Japan. Ɗan gidan masu hali ne, mahaifinsa yana da babban kamfanin masaƙa, shi ne kuma auta cikin 'ya'ya biyar. Tun yana yaro aka sa shi koyon fiyano. A 1950, shekarar da yaƙin Koriya ya ɓarke, iyalin suka bar ƙasar, suka bi ta Hong Kong suka yada zango a Japan.

4/ A 1956 ya gama Jami'ar Tokyo, ya rubuta kundinsa a kan Arnold Schoenberg, wani mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya da ya rusa ƙa'idojin kiɗan Turawa. Ku riƙe wannan da kyau: ta ƙofar kiɗa Paik ya shigo. Bai yi makarantar fim ba, bai karanta injiniyanci ba. Duk abin da zai yi wa talabijin daga baya, da kunnen makaɗi ya yi shi.

5/ Daga nan sai Jamus ta Yamma, ƙaro karatun kiɗa. A 1958 a garin Darmstadt ya haɗu da Ba'amurke John Cage. Cage ɗin nan shi ne mai kiɗan 4'33", wanda makaɗi zai zauna gaban fiyano minti huɗu da daƙiƙa 33 bai taɓa komai ba. Tarin 'yan kallo da ƙarar kujeru su ne kiɗan. Haɗuwar nan ce ta kwance wa Paik kai.

6/ To sai fa ya fara abin da a wajenmu kai tsaye za a ce a kai shi a duba shi. A 1960 a Cologne, yana tsakar kaɗa fiyano ya duro daga dandamali da almakashi, ya nufi Cage da ke zaune cikin 'yan kallo, ya datse masa nektai, ɗan ƙyallen nan da Turawa ke ɗaurewa a wuya, sannan ya tuttula masa sabulun wanke gashi a ka. Mutumin da yake ɗauka malaminsa fa.

7/ A 1962 a Düsseldorf ya ɗauki goge irin na Turawa, ya riƙa ɗaga shi a hankali a hankali har wajen minti biyar, sannan ya maka shi a kan tebur ya tarwatse. A shekarar dai, a bikin ƙungiyar Fluxus a Wiesbaden, ya tsoma kansa cikin tawada da ruwan tumatir, ya ja layi da gashinsa a kan doguwar takarda.

8/ Gaskiya tsakani da Allah, da a nan ya tsaya, da ban ɓata lokacinku da zaren nan ba. Abin ban mamaki arha gare shi. Kullum muna ganin masu shiga kwata ko zuba wa kansu manja don a kalle su a TikTok. Mako biyu an manta da su, wani ya zo da haukan da ya fi nasu. Paik ya tsira daga wannan ramin ne saboda abin da ya yi a ɓoye.

9/ Ya ja jiki ya koma karanta littattafan lantarki. Ya zuba 'yan kuɗinsa ya sayi tsofaffin talabijin na hannu, ya kwance bayansu, ya bi waya ɗaya bayan ɗaya har ya gane yadda hoto ke fitowa. Makaɗin da ya karanta Schoenberg a jami'a ya koma tamkar yaron shagon mai gyara. Wannan matakin shi ne kashin bayan duk sana'arsa.

10/ Ga 'yan baya da ba su riski talabijin mai ƙusumbi ba: a cikin ƙusumbin nan akwai wata 'yar bindiga da ke harbo ƙwayoyin lantarki zuwa gilashi. Maganaɗisu ne ke karkata harbin, layi bayan layi, da saurin da ido ba ya kamawa, har hoto ya haɗu. Ma'ana, in ka taɓa maganaɗisun, ka taɓa hoton. Abin da Paik ya gano ke nan, ya ce ashe wannan ma abin kiɗa ne.

11/ Maris 1963, garin Wuppertal, a wani gida da ake kira Galerie Parnass, ya buɗe baje kolinsa na farko. Talabijin 13 ya baza a ɗaki, kowanne ya yi masa tiyata daban. Wani hoton ya murɗe, wani ya kife, wani an kwantar da fuskarsa a ƙasa. Shirin tasha ɗaya suke kamawa, amma ba biyu da ke nuna abu iri ɗaya. Yau ana lissafa baje kolin a matsayin mafarin fasahar bidiyo.

12/ Wanda ya fi burge ni: ɗaya daga cikin talabijin ɗin ya lalace a hanya, hoton ya tsuke ya koma layi ɗaya fari a kwance. Ni da kai da mun ce a mayar wa mai gyara. Shi sai ya juya akwatin ya tsayar da shi a gefe, layin ya miƙe tsaye, ya raɗa masa suna Zen for TV. Har yau gidajen adana kayan fasaha na nuna irinsa.

13/ A wurin dai ya yayyanka zaren kaset ya manna a bango barkatai, ya cire kan da ke karanta sauti daga rikoda ya miƙa wa baƙi. Duk inda ka goga, abin da za ka ji ke nan, gaba ko baya, da sauri ko a hankali. Sunan aikin Random Access. Wani talabijin kuma ya haɗa shi da makirfo, in ka yi magana hoton ya motsa. A 1963 fa.

14/ Amma kun san abin da ya fi ɗaukar hankalin 'yan jarida? Kan sa da aka yanka, wanda ya rataya a bakin ƙofa. Shi aka yi ta surutu a kai, talabijin ɗin kusan ba wanda ya kula. Darasi ne ga duk mai neman a kalle shi ta hanyar tayar da ƙura: ƙurar takan rufe ainihin aikin, har kai mai ita ka rasa mai ganinka.

15/ Ku tuna yadda talabijin yake a lokacin. Hanya ɗaya ce. Gwamnati ko babban kamfani na magana, kai kana zaune kana haɗiya. Ikonka bai wuce kunnawa da kashewa ba. Abin da Paik ke cewa da talabijin 13 ɗin nan shi ne akwatin na wanda ya saya ne, yana da damar sa masa hannu ya mayar da martani. A ganina siyasa ce tsantsa, ko da ba a ambaci jam'iyya ba.

16/ Ya san iyakar iliminsa, shi ya sa ya nemi gwani. A Tokyo ya haɗu da injiniya Shuya Abe, suka ƙera mutum-mutumi mai tafiya, Robot K-456, sunan daga lambar wani kiɗan Mozart. Da rimot ake tuƙa shi, yana tafe yana sakin muryar Shugaba Kennedy daga kaset, yana kuma kasayar da wake ta baya. Da shi ya shiga New York a 1964.

17/ Ku lura da wannan haɗin, mai tunani da mai kwance na'ura. Shekaru suka yi suna aiki tare, kuma sunan Abe na nan a jikin abin da suka ƙera. Mu a nan mai ɗaukar bidiyo yana gefe, mai gyaran waya yana gefe, ba abin da ke haɗa su sai fashewar gilashi. Alhali yaron da ke narkar da dalma a kasuwar waya ya san cikin na'urar fiye da duk masu editin ɗinmu.

18/ Ta ɓangaren fim, aikinsa da ya fi shahara shi ne Zen for Film na wajen 1964. Zaren fim ne fari fat, ba a ɗauki komai a kansa ba. A ɗora a majigi, haske ya bugi bango, shi kenan. Sai dai duk lokacin da aka nuna shi, ƙura na maƙalewa, majigin na karce shi. Ɗigo da zane na ƙaruwa. Nunin yau ba zai taɓa zama irin na jiya ba.

19/ Ina jin masu cewa "wannan ai raina hankali ne." Na fahimce ku. Amma gwada zama minti biyar gaban farin allo ka ga abin da zai faru da kai. Hannunka zai fara lalubar waya tun minti ɗaya bai cika ba. Fim ɗin ba ya ba ka labari, yana nuna maka yadda ka kasa zama ba a ba ka labari ba. Shekara sittin da yin sa, ciwon ma sai yanzu ya kama mu sosai.

20/ 1965, Magnet TV. Ya ɗauko ƙaton maganaɗisu ya ɗora a kan talabijin baƙi da fari. Hoton ya narke ya koma wasu zarurruka masu lanƙwasa kamar hayaƙi. In an matsar da maganaɗisun, siffar ta canja. Ba kyamara, ba ɗan wasa, ba sisin kwabo na ɗaukar shiri. Yanzu yana ajiye a gidan adana fasaha na Whitney a New York.

21/ A shekarar ne kuma ya mallaki ɗaya daga cikin na'urorin ɗaukar bidiyo na Sony na farko da mutum ɗaya zai iya saya. Labarin da ya shahara shi ne ranar 4 ga Oktoba, da Fafaroma Paul na Shida ya ziyarci New York, Paik ya ɗauki ayarinsa, da daddare ya nuna a wani gidan shan kofi, Café au Go Go. Ɗauka da rana, nunawa da dare, ba izinin wata tasha. Abin da kake yi da status kullum.

22/ Ba za a yi maganar wasanninsa na dandamali a tsallake Charlotte Moorman ba. Ƙwararriyar makaɗiyar babban goge ce da ake kira cello, ta yi karatu a makarantar Juilliard, ita ce kuma ke shirya bikin masu gwajin fasaha na New York duk shekara. A 1971 ya ƙera mata TV Cello: talabijin uku a jere bisa juna, da tsirkiya. Tana goga baka, hotunan na canjawa.

23/ Nan kuma akwai inda ni da shi muka raba hanya. A Fabrairun 1967 suka yi wani wasa, Opera Sextronique, inda ta yi kiɗa jikinta ba a rufe ba. 'Yan sanda suka tsayar da wasan suka kama su. Shi da ya tsara abin aka sake shi. Ita kotu ta same ta da laifi, sunan abin kuma ya bi ta har ƙarshen rayuwarta a 1991.

24/ Ban ga abin yabo a wannan ba, ko ta fuskar tarbiyyarmu ko ta fuskar adalci. Tunanin na namiji, jikin da aka baje na mace, hukuncin ma a kanta ya sauka. Kuma abin bai mutu ba. Ku duba yadda masu shirya bidiyo ke tura 'yan mata gaban kyamara don tara mabiya, in rigima ta tashi su zame su bar su da zagi. Mutum na iya zama gwani kuma ya yi kuskure babba.

25/ Mu koma kan na'ura. A 1969 tashar WGBH ta Boston ta buɗe wa wasu masu fasaha ƙofa. A nasa ɓangaren, Paik ya murɗe hotuna, har da fuskar Shugaba Nixon, murya kuma na umartar mai kallo ya rufe ido, can ta ce ya kashe talabijin ɗin ma. Ka ji fa, a cikin gidan talabijin ana ce maka ka kashe. Wace manhaja ce yau za ta ce ka ajiye ta?

26/ Kuɗin amfani da kayan tasha ya yi masa tsada, sai shi da Abe suka ƙera tasu na'urar, Paik-Abe Video Synthesizer, tsakanin 1969 da 1970. Tana karɓar hoto daga kyamarori da yawa, ta zuba launi, ta murɗa, ta haɗa su nan take. Burinsa a kaɗa hoto da yatsu yadda ake kaɗa fiyano. A Agustan 1970 suka yi awa huɗu kai tsaye da ita a WGBH, da waƙoƙin Beatles.

27/ Yanzu ka buɗe CapCut ko TikTok, filta ɗari na jiranka kyauta. Abin da ya ci musu watanni da wayoyi da dalma, kai da yatsa ɗaya za ka yi. Bambancin shi ne su suka yanke shawarar yadda hoton zai lalace. Kai kuwa wani ma'aikacin kamfani da ba ka taɓa gani ba ne ya zaɓa maka, ya zaɓa wa mutum miliyan irinka.

28/ 1973, Global Groove, minti 28 da ya haɗa a tashar WNET ta New York tare da John Godfrey. Tallar Pepsi ta Japan, sai makaɗiyar gangar Koriya, sai mawaƙi Allen Ginsberg, sai masu rawa, sai Cage na ba da labari, ana tsalle daga wannan zuwa wancan ba sallama. A farkonsa an yi hasashen ranar da za ka iya kama kowace tasha ta duniya daga ɗakinka. Kalle shi yau, sai ka rantse shafin For You ne.

29/ A 1974 ya rubuta wa Gidauniyar Rockefeller rahoto, ya ba da shawarar a shimfiɗa abin da ya kira babbar hanyar lantarki, wadda za ta haɗa birane ta tauraron ɗan Adam da wayoyi, sauti da hoto na kai da komo. Wajen shekara ashirin ke nan kafin intanet ta shiga gidajen mutane. Wanda ya san cikin na'ura yakan hango inda ta dosa.

30/ A 1974 ɗin dai ya yi TV Buddha. Gunkin Buddha a zaune, gabansa ƙaramin talabijin, bisa talabijin ɗin kyamara tana ɗaukarsa kai tsaye. Yana kallon kansa, kansa na kallonsa, ba ranar tashi. Duk wanda ya taɓa buɗe laif ya ƙura wa fuskarsa ido yana jiran mutane su shigo, wallahi ya san wannan zaman. Ni dai ban ga hoton zamaninmu da ya kai shi ba.

31/ Kada ku ɗauka duk wannan lokacin a daula yake. Ɗan masu kuɗin nan ya yi shekaru a New York yana rayuwa da tallafin gidauniyoyi, don ba mai sayen talabijin da aka lalata da gangan. A 1977 ya auri Shigeko Kubota, ita ma gwanar fasahar bidiyo ce mai zaman kanta. A 1979 ya zama farfesa a makarantar fasaha ta Düsseldorf.

32/ Sai a 1982, shekara 19 bayan Wuppertal, gidan Whitney ya yi masa babban baje koli na duk ayyukansa. Yana dab da cika hamsin. Mu kuwa in bidiyo uku ba su tashi ba sai mu ce an yi mana asiri. A lokacin bikin ya fito da tsohon Robot K-456 kan titin Madison, aka shirya mota ta buge shi a gaban 'yan jarida. Tsufa bai raba shi da tsokana ba.

33/ Babban wasansa shi ne na 1 ga Janairu, 1984: Good Morning, Mr. Orwell. George Orwell ya fitar da littafinsa 1984 tun a 1949, inda allo ke leƙen kowa a ɗakinsa, gwamnati na juya tunanin jama'a da shi. Da shekarar ta zo, Paik ya ce bari ya gaishe da marubucin, ya nuna masa allo na iya haɗa mutane ma.

34/ Ya haɗa New York da cibiyar Pompidou ta Faris ta tauraron ɗan Adam, kai tsaye, aka kuma kama a Jamus da Koriya ta Kudu. Laurie Anderson, Peter Gabriel, Cage, Merce Cunningham, Joseph Beuys, Moorman, duk sun fito. Sadarwar ta riƙa yankewa, shi kuma ya ɗauki hakan a matsayin wani ɓangare na wasan. An ƙiyasta masu kallo miliyan 25.

35/ To wa ya yi gaskiya, shi ko Orwell? A ganina kowa ya ci rabi, kuma rabin Orwell ne ke ƙaruwa. E, yau ɗalibi a Sudan na hira da mahaifiyarsa a Zinder fuska da fuska, wannan na Paik ne. Amma wayar nan ta san inda ka kwana, ta san bidiyon da ka tsaya a kai daƙiƙa uku, da shi take zaɓa maka na gaba. Paik ya yi wa allo kyakkyawan zato fiye da kima.

36/ Shirin ne ya mayar da shi gida. A 1984 ya taka Koriya bayan shekara 34, aka tarbe shi kamar gwarzo. A 1988, shekarar gasar Olamfik ta Seoul, ya gina hasumiyar talabijin 1,003 mai tsawon sama da mita 18 a gidan adana fasaha na ƙasa da ke Gwacheon, The More, The Better. Lambar na nuni da 3 ga Oktoba, ranar tunawa da kafuwar Koriya.

37/ Daga nan lambobin yabo suka biyo. 1993, Zakin Zinare a bikin Venice, inda ya wakilci Jamus tare da Hans Haacke. Ɗan Koriya mazaunin Amurka a rumfar Jamus, kun ga rayuwar da ya yi ta wa'azi a kai. 1995, taswirar Amurka da fitilu masu launi da talabijin 336, tana gidan Smithsonian a Washington. 1998, lambar Kyoto ta Japan.

38/ A 1996 ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, ya koma kan keken guragu. Bai ajiye aiki ba. A 2000 gidan Guggenheim na New York ya yi masa babban baje koli, a nan ya fito da sabbin ayyuka da hasken leza. Yana da shekara 67, rabin jiki ba ya motsi, yana koyon sabon kayan aiki. Ya rasu a Miami ranar 29 ga Janairu, 2006.

39/ A wajen taron bankwana da shi a New York, ɗan ɗan'uwansa ya sa aka raba almakashi, mahalarta suka riƙa datse nektai ɗin na kusa da su. Abin da aka kira hauka a 1960 ya dawo ya zama gaisuwar girmamawa bayan shekara 46. A 2008 Koriya ta buɗe cibiya guda da sunansa a garin Yongin.

40/ Sai dai na'ura ba ta da alƙawari. An daina ƙera talabijin mai ƙusumbi. A 2018 aka kashe hasumiyar 1,003 ɗin nan saboda tsoron gobara, sai a Satumban 2022 aka sake kunna ta, bayan an bi duniya ana farautar tsofaffin talabijin, wasu kuma aka sa musu gilashin zamani a cikin tsohon akwati. Wannan mai ƙasa guda a bayansa ke nan. Kai naka bidiyon, in an rufe maka shafi gobe, ina kwafinsa?

41/ Wani zai ce, "Ai shi ɗan masu kuɗi ne, ga Rockefeller, ga tashoshin Amurka." Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ba don WGBH da WNET sun buɗe masa ɗakunansu ba, da rabin ayyukan nan ba su wanzu ba. Ina ma tashoshinmu za su ba matasa ko awa ɗaya a mako su yi gwaji. Amma abin da ya nemi tallafi don ya taɓa, kai yana aljihunka yanzu haka.

42/ Wani kuma zai ce wannan wasan Turawa ne da suka ƙoshi. To shi ma baƙo ne a cikinsu, da Turancinsa mai gargada, kuma bai bar kayansa a gida ba. Gangar Koriya da addinin kakanninsa da wata da yake kira talabijin mafi tsufa, duk ya shigar da su cikin na'urar. Bai roƙi a ba shi wuri ba, ya kawo abin da ba su da shi.

43/ Abin da ke damuna da mu shi ne mun samu abin da ya yi mafarki, sai muka koma 'yan kallo ta bayan gida. Muna ɗora bidiyo, e, amma sautin da ke tashe, rawar da ke tashe, templet ɗin da kowa ya yi. Manhaja ta ce daƙiƙa 15, mu ce to. Ta ce fuska ta yi haske, mu ce to. Mai tashar ne dai ya canja, har yanzu muna karɓar umarni.

44/ Ba cewa nake ka fasa gogen kowa ba, kuma don Allah kada wani ya je ya datse wa malaminsa hula ya ce ni na aike shi 😂 Cewa nake ka san kayan aikinka har ciki. Kashe otomatik na kyamararka ka ga me kowane maɓalli ke yi. Ɗauki sauti daban, hoto daban, ka haɗa su yadda ba a saba ba. Zauna da mai gyara ka yi tambaya. In abu ya lalace, kalle shi tukuna kafin ka goge.

45/ Kuma ka yi wani abu ko guda ɗaya a wata wanda ka san ba zai tashi ba, don kawai kana son ganin me zai fito. Ajiye kwafinsa a wajen manhaja. Mutum goma za su kalla, bakwai su ce ka fara zarewa. Ba komai, na Wuppertal ma kan sa suka tsaya kallo.

46/ Mai son ganin ido, ya nemi Global Groove da Good Morning, Mr. Orwell, akwai guntayensu a YouTube. Akwai kuma fim ɗin tarihinsa na 2023, Nam June Paik: Moon Is the Oldest TV, na Amanda Kim. Ku kalla ku dawo mu yi musu, musamman masu ganin duk abin shirme ne, ku nake jira. Wanda kuma ya taɓa yin wani gwaji da wayarsa ya ji kunyar ɗorawa, ya ajiye min shi a ƙasa, zan kalla.